Umaru Ganda: Ɗan Dakon Da Ya Sa Ɗan Cin Rani A Majigi

Da zarar an kammala girbi, an ɗaure dammunan gero da dawa an zuba a rumbu, sai ƙauyukan Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura su fara rage samari. Wasu su nufi Kano, wasu Kaduna da Abuja, wasu su zarce har Legas da Fatakwal. A can za su yi ga-ruwa ko dako ko gadi ko leburanci a wurin gini, sai hadari ya fara haɗowa su juyo gida da ɗan abin da suka tara. Wannan shi ne cin rani, kuma kalmar kanta ta bayyana hikimar da ke ciki. Bahaushe ya ɗauki rani ya mai da shi abin ci, wato a cinye watanninsa a wani gari domin hatsin rumbu ya kai iyali damina. Kowane baki da ya ragu a gida riba ne ga waɗanda aka bari.

Wasu al'ummomin sun daɗe da adana irin wannan rayuwa a fim. A 1940 John Ford ya fitar da The Grapes of Wrath, labarin iyalin manoma da fari da bashi suka kora daga Oklahoma zuwa Kalifoniya. A 1960 Fred Zinnemann ya yi The Sundowners, kan wani makiyayin tumaki a Ostareliya da ba ya iya zama wuri ɗaya, alhali matarsa da ɗansa na marmarin gida na kansu. Mu ma a Sahel an yi mutumin da ya ɗauki wannan nauyi, kuma shi sai da ya ɗanɗana wahalar da jikinsa kafin ya ba da labarinta. Shi ne marigayi Umaru Ganda na Jamhuriyar Nijar.

An haifi Ganda a Yamai a 1935, Bazabarme ne, kuma a nan ya yi karatun firamare. A 1951, yana ɗan shekara 16, ya shiga sojan Faransa, aka tura shi yankin Indocina, inda Faransa ke yaƙi da 'yan kishin ƙasar Biyetnam. Ya yi kimanin shekara biyu a can. Da ya dawo gida bai sami aikin yi ba, sai ya bi hanyar da dubban samarin Nijar ke bi a wancan zamani, ya gangara kurmi. Ya yada zango a Abijan, inda ya zama ɗan dako a tashar jiragen ruwa.

A Abijan ne ya haɗu da Jean Rouch, Bafaranshen da ya fara zuwa Nijar a 1941 a matsayin injiniya, daga baya ya koma nazarin al'adu da ɗaukar fim. A lokacin Rouch na binciken ƙaurar 'yan Nijar zuwa garuruwan bakin teku. Tun kafin nan ya ɗauki hotunan fim ɗin Jaguar, wanda bai fito ba sai 1967, labarin samari uku da suka tafi cin rani Gwalkwas, wato Ghana ta yau. Rouch ya fara ɗaukar Ganda aikin tattara bayanai, sannan ya ba shi babban matsayi a fim ɗin Moi, un noir, ma'ana ni baƙar fata, wanda ya fito a 1958.

Fim ɗin ya bi rayuwar 'yan ci-ranin Nijar a unguwar Treichville ta Abijan: neman aikin yini, kwana da yunwa, da mafarkin arziki a ƙarshen mako. Samarin sun laƙaba wa kansu sunayen taurarin silima, Ganda ya zama Edward G. Robinson. An ɗauki hotunan ba tare da sauti ba, daga baya aka zaunar da Ganda yana kallon kansa yana magana da ka, da Faransancin soja da na lebura, ba tare da rubutaccen zance ba. Wannan murya ce ta ba fim ɗin ƙarfinsa. Ya ci kyautar Louis Delluc a 1958, kuma matasan masu shirya fim na Faransa, irin su Jean-Luc Godard, sun yaba shi ƙwarai.

Sai dai ko da muryar ta Ganda ce, na'urar da almakashin tacewa suna hannun wani. Usman Sambene na Senegal ya taɓa zargin Rouch da cewa yana kallon mutanen Afirka kamar mai nazarin ƙwari. Ko mai karatu ya yarda da wannan suka ko bai yarda ba, tambayar da ta haifar tana nan: wa ke da ikon ba da labarin talaka? Ganda ya amsa ta da aiki. Ya koma Yamai, ya shiga ƙungiyar masu sha'awar fim ta cibiyar al'adun Faransa da Nijar, ya koyi sarrafa na'ura, ya rubuta labari nasa na kansa.

Sakamakon shi ne Cabascabo, ɗan gajeren fim na kimanin minti 45 cikin harshen Zabarmanci, wanda shi da kansa ya fito a matsayin jarumi. Labarin tsohon soja ne da ya dawo daga Indocina da kuɗi a aljihu. Abokai da mata suka yi masa caa, ana ta shagali, har kuɗin suka ƙare, kowa ya watse. Ya nemi aiki ya sha wulaƙanci, a ƙarshe ya juya baya ga birni ya nufi karkara domin ya koma ga ƙasa. Duk wanda ya ga ɗan cin rani ya dawo da rediyo da agogo, bayan wata biyu ya sayar da su ya sayi hatsi, ya san wannan labari. An nuna fim ɗin a bikin Cannes a 1969, ya kuma sami lambar yabo a bikin Mosko a shekarar.

Fim ɗinsa na biyu, Le Wazzou polygame, shi ne ya shiga cikin gida sosai. Wani alhaji da ya dawo daga Makka ya ƙyalla ido a kan wata yarinya, Satu, wadda aka riga aka yi wa wani saurayi, Garba, alkawarinta. Dukiya ta rinjayi alkawari, Garba ya bar ƙauye ya tafi birni cikin baƙin ciki, kishi kuma ya kai ɗaya daga matan alhajin ga aikata kisa, har ta hallaka wadda ba ita ta nufa ba. A nan Ganda ya nuna abin da masu lissafin ƙaura kan manta: fari da yunwa na korar saurayi daga garinsu, haka nan zalunci da cin amana na korarsa. A 1972, lokacin da bikin fina-finan Afirka na FESPACO a Wagadugu ya fara ba da babbar kyautarsa ta Yennenga, wannan fim ne ya fara lashe ta.

Bayan haka ya yi Saïtane a 1972, wanda ya soki malaman tsibbu masu cin dukiyar jama'a da sunan addini, sannan L'Exilé a 1980, wanda ya gina a kan tatsuniya game da nauyin alkawari. Ya rasu ranar 1 ga Janairun 1981, bai wuce shekara 45 ba. Nijar ta sa wa babbar cibiyar al'adu ta Yamai sunansa, FESPACO kuma ta ware kyauta da sunansa ga wanda ya fi kowa a fim ɗinsa na farko.

Me wannan tarihi ke gaya mana a Arewacin Nijeriya? Tun daga Turmin Danya a 1990, masana'antar fina-finan Hausa ta fitar da dubban fina-finai, amma mafi yawansu sun tare a falon attajirai. Idan ɗan ƙauye ya leƙo, galibi abin dariya ne, mai gadi ko ɗan aike da ake yi wa ba'a saboda karin harshensa. Matar da ke riƙe da gida wata biyar da rabin rumbu, da tsohon da ke jiran saƙo, da yaron da bai san fuskar mahaifinsa ba sai da damina, ba kasafai ake ganinsu ba. Alhali cin ranin yau ya fi na zamanin Ganda haɗari, domin ya tsallaka Agadas zuwa Libiya da Aljeriya. A Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamadar arewacin Nijar, akasarinsu mata da yara, ƙishirwa ta kashe su a hanyar Aljeriya.

Akwai kuma batun adanawa. Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Balewa, ya yi shekaru ana zaton ya ɓace, sai a 2016 aka gano faifansa, aka gyara shi aka nuna a Balin a 2018. Al'ummar da ta kusa rasa irin wannan taska ba ta da hujjar yin sakaci da abin da ya rage.

Ganda bai yi digiri ba, kuma na'urar da ya fara aiki da ita ba ta kai wayar da ke aljihun ɗalibi a yau ba. Akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure, akwai Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Babura. Ɗalibansu na zaune a tsakiyar dattawan da suka yi cin rani a Kumasi da Ikko tun kafin a haifi iyayensu. A je a ɗauki muryoyinsu da karin harshensu tun suna raye, domin duk wanda aka binne a cikinsu ya tafi da nasa babin.