SIR ABUBAKAR TAFAWA ƁALEWA DA JIRGIN ƘASAN BAUCHI

A shekarar 1912 aka haifi Marigayi Alhaji Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa a ƙasar Bauchi. A wannan lokaci kuwa Turawa na tsakiyar shimfiɗa wata 'yar siririyar hanyar jirgin ƙasa daga Zariya, wadda suka laƙaba wa sunan Bauchi. Hanyar ta isa Jos da Bukuru a 1914, tsawonta kamar mil 140, amma ko kusa da ganuwar birnin Yakubu ba ta zo ba. Dalili kuwa shi ne ba don mutanen Bauchi aka yi ta ba. Don kuza aka yi ta, domin a zamanin nan tsaunukan Jos cikin Lardin Bauchi suke.

Kuzar nan ta jawo dubban leburori daga ƙasar Hausa da Barno, suka kafa barikoki a inda da ba kowa sai makiyaya da manoman dutse. A Kudu kuma an fara haƙar kwal a Inugu a 1915. Da reluwe ta Gabas ta iso Jos ta Kafanchan a 1927, sai kwal ya riƙa hawowa, kuza na gangarawa Fatakwal. Manomin Bauchi da na Gombe kuwa yana nan yana fama da jaki da mota kafin gyaɗarsa ko audugarsa ta ga tasha.

Cikin wannan hali Malam Abubakar ya tashi. Ya yi makarantar Bauchi, ya shiga Kwalejin Katsina a 1928, ya fito a 1933 ya komo gida yana koyarwa a Midil. A farkon aikinsa ne ya rubuta littafin Shaihu Umar. Yana malanta aka yi Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da aka riƙa ɗibar talakawa aikin tilas a ramukan kuza. A 1945 ya tafi Jami'ar Landan ƙaro ilmin koyarwa. Bayan ya dawo aka zaɓe shi Majalisar Jihar Arewa, daga nan ya wuce Majalisar Dokoki ta Ikko a 1947.

A 1952 ya zama Ministan Ayyuka, daga baya aka danƙa masa harkokin sufuri. A hannunsa reluwe ta tashi daga sashen Gwamnati ta zama hukuma mai cin gashin kanta a 1955. A shekarar nan kuma ya ziyarci Amurka don ya ga yadda ake jigilar kaya a kogin Misisipi, da niyyar a ci moriyar Kwara da Binuwai. A lokacin kuwa Arewa maso gabas, yanki mai faɗi da yawan jama'a, yawancinsa ba shi da dogo.

A 1957 ya zama Firayim Minista, kuma a shekarar aka rufe tsohuwar siririyar hanyar nan ta Zariya. A 1958 Bankin Duniya ya ba da rancen dala miliyan 28 don aikin reluwe, wanda shi ne rancensa na farko ga Nijeriya. Aka ɗauko sabuwar hanya daga Kuru kusa da Jos. Ta iso Bauchi a 1961, ta wuce Gombe, ta dire Maiduguri a 1964, tsawonta kamar mil 400. Ke nan sai da aka yi kusan shekara hamsin ana kiran jirgi da sunan Bauchi kafin mutanen Bauchi su ji kukansa a ƙofar gida.

Tasha ta jawo ma'aikata da fatake daga ko'ina cikin ƙasar nan, unguwa ta tashi a gefenta, gyaɗa da auduga da shanu suka sami hanyar zuwa bakin teku.

Bai daɗe yana ganin amfanin aikin ba. Ran 15 ga Janairu, 1966, sojoji masu juyin mulki suka ɗauke shi daga gidansa a Ikko, bayan 'yan kwanaki aka tsinci gawarsa a gefen hanyar Abekuta. Aka kawo shi Bauchi aka binne. Duk da muƙamin da ya riƙe, bai bar wata dukiya ta a zo a gani ba.

Daga baya manyan motoci suka ƙwace kayan, rashin gyara ya ci dogon, har jirgi ya daina zirga-zirga kamar da. Masu ziyartar kabarinsa suna da yawa. Ya kamata masu mulki su riƙa ƙarasawa tasha su ga halin da gadon da ya bari yake ciki. Allah ya jiƙansa, amin.