John Wesley: Mai wa'azin da ya ƙididdige sa'o'insa, amma ya yi sake da wasu

Duk wanda ya yi aiki a ma'aikatar gwamnati ya san irin fayil ɗin da ke kwana wata uku a kan tebur, babu abin da ya hana shi motsi illa an ce a bari sai gobe. Tarihin John Wesley, wanda ya assasa ɗariƙar Methodist a Ingila, tarihi ne na mutumin da ya ɗauki wannan "gobe" a matsayin abokin gaba, ya yi ta fama da ita fiye da shekara 60. Ya yi galaba a kanta a wurare da dama. A wasu wuraren kuwa ita ta kayar da shi, kuma kayen bai yi kyau ba.

An haife shi a shekarar 1703 a ƙauyen Epworth, inda mahaifinsa Samuel yake limamin cocin Anglican. Mahaifiyarsa Susanna ta haihu sau 19, ko da yake da yawa daga cikin 'ya'yan sun rasu tun suna jarirai. A irin wannan gida mai cunkoso da ƙarancin abin hannu, sai da ta ware wa kowane yaro lokacinsa na ganawa da ita shi kaɗai a kowane mako. Daren Alhamis ne rabon John. A 1709 gobara ta cinye gidan, aka fizgo shi ta taga yana ɗan shekara biyar, jim kaɗan kafin rufi ya rubza. Har ya tsufa yana kallon ransa a matsayin abin da aka bar masa amana domin wani aiki.

A jami'ar Oxford, inda ya shiga a 1720, da farko ɗalibi ne kamar kowa. A 1725, shekarar da aka naɗa shi dikin, ya karanta littafin Jeremy Taylor kan tsarkake rayuwa, wanda ya ba da muhimmanci ga kula da lokaci. Daga nan ya buɗe littafin ajiyar bayanan yini, yana rubutawa da wasu alamomi na sirri. Tafi-tafi sai ya kai ga raba shafi gida-gida, kowace sa'a da layinta: me ya yi, me ya karanta, da wa ya zanta, har da maki da yake ba kansa kan natsuwar zuciyarsa a wannan sa'ar. Shi da ƙanensa Charles da 'yan abokansu suka tsara wa kansu lokutan addu'a, da karatu, da azumi, da ziyarar fursunoni. Sauran ɗalibai suka yi musu laƙabin ba'a, wato masu bin tsari sau da ƙafa, kuma daga wannan ba'ar sunan Methodist ya samo asali.

Yadda ya tsayar da lokacin tashinsa daga barci abin lura ne, domin gwaji ya yi. Ya lura yakan farka da tsakar dare ya yi ta juyi, sai ya yanke cewa yana daɗewa a gado fiye da buƙatar jikinsa. Ya nemi agogo mai ƙararrawa ya saita ƙarfe 7, bai daina farkawa ba. Washegari ya mayar ƙarfe 6, sannan 5, sannan 4. A nan farkawar dare ta ɗauke. Ya riƙe ƙarfe 4 na asuba har ƙarshen rayuwarsa, kuma sau da yawa ƙarfe 5 yana gaban jama'a yana wa'azi, domin ma'aikatan ma'adinai da masaƙa su samu su ji kafin su tafi aiki. Shi kansa ya ba da wannan labari a wata huɗuba da ya gina a kan ayar wasiƙar Bulus zuwa ga Afisawa da ke magana kan ribatar lokaci.

Sai dai tsara sa'o'i daban, yanke shawara daban. A 1736 ya isa Savannah a yankin Jojiya na Amurka a matsayin limami. A can zuciyarsa ta kamu da son wata budurwa, Sophia Hopkey. Ya yi ta kai gwauro yana kai mari, yau ya nuna yana so, gobe ya ce aikin Allah ne a gabansa. Har ƙuri'a ya jefa a kan maganar, ta nuna masa ya haƙura, amma bai iya cire rai ba. A watan Maris na 1737 ta auri wani. Bayan 'yan watanni ya hana ta jibin Ubangiji a gaban jama'a, danginta suka kai shi ƙara, a watan Disamba ya sulale ya bar garin. Ya koma Ingila da littafinsa cike da sa'o'i masu lissafi, zuciyarsa kuwa a dagule.

Daren 24 ga Mayu 1738 ya halarci wani ƙaramin taro a titin Aldersgate na Landan, ba da son ransa ba. Ana karanta gabatarwar Martin Luther ga wasiƙar Romawa sai ya ji tabbacin cewa an gafarta masa, ta wurin bangaskiya ga Almasihu. Hali zanen dutse: ko a wannan bai manta ya rubuta lokaci ba, ƙarfe 9 saura kwata. A ganina nan ne mahangar fahimtar mutumin. Kafin wannan dare yana ƙirga sa'o'i kamar mai biyan bashin da ba ya ƙarewa. Bayansa bai rage ƙirga ba, amma sa'o'in suka koma na hidimar wasu.

A watan Afrilu na 1739, bisa gayyatar George Whitefield, ya fara wa'azi a fili a Bristol, abin da a da yake gani bai dace da limami ba. Daga nan har shekara 50 bai zauna ba. Ana ƙiyasta ya yi tafiyar mil 250,000, akasari a kan doki, ya kuma yi wa'azi kusan sau 40,000. Yakan saki linzami ya buɗe littafi yana karatu a kan sirdi. Da girma ya kama shi aka sama masa keken doki, ya sa aka yi masa wurin littattafai da rubutu a ciki. Ya raba mabiyansa rukuni-rukuni na mutum kamar 12, suna haɗuwa kowane mako, kowa ya faɗi halin da yake ciki. A ƙa'idojin da ya gindaya wa mataimakansa akwai cewa kada su zauna babu aiki, kada su shagala da aikin da ba shi da amfani, kuma su yi komai daidai kan lokacinsa. Sharaɗi na biyun nan ya fi na farko wuya, kamar yadda duk wanda ya wuni a taron kwamiti ya tashi babu matsaya zai shaida.

Tsohuwar cutar kuwa tana nan. A 1748 wata gwauruwa mai suna Grace Murray ta yi jinyarsa a Newcastle, ya ga ta dace da shi, ita ma ta amince. Maimakon a ɗaura, sai ya ce zai nemi yardar Charles, ya kuma sanar da masu wa'azinsa da jama'arsa tukuna. Charles bai jira ba: a watan Oktoba na 1749 ya gaggauta aka aurar da ita ga wani mai wa'azi, John Bennet. A 1751 Wesley ya auri Mary Vazeille, wannan karon da hanzari, ya kuma ƙudura cewa aure ba zai rage masa tafiya ko wa'azi ba. Auren ya zama na ɗaci da zargi, daga baya ta bar shi. Da ta rasu a 1781, sai bayan an binne ta ya ji labarin jana'izarta. Ba ita kaɗai ke da laifi ba. Jadawalin da ya ishi dubban baƙi bai bar wa matar gida komai ba.

A 1784, bayan ya daɗe yana jiran hukumomin cocin Ingila su naɗa wa mabiyansa na Amurka limamai abin ya faskara, ya naɗa da kansa, duk da adawar Charles. Tun 1774 ya riga ya wallafa ɗan littafi yana la'antar cinikin bayi, lokacin da Bristol, cibiyar aikinsa, take cin gajiyar wannan ciniki.

Ya yi wa'azinsa na ƙarshe a Leatherhead ranar 23 ga Fabrairu 1791. A kwanakin yana karanta tarihin rayuwar Olaudah Equiano, tsohon bawa wanda ya ce daga ƙasar Ibo aka sace shi. Washegari ya aika wa William Wilberforce wasiƙa yana ƙarfafa shi kada ya gaji da yaƙi da bauta a majalisa. Ya rasu a Landan ranar 2 ga Maris 1791 yana da shekara 87, ya bar mabiya sama da 70,000 a Birtaniya. Bayan shekara 51, a watan Satumba na 1842, wani mai wa'azin ɗariƙarsa, Thomas Birch Freeman, ya sauka a Badagry, tsohuwar tashar bayi.