Dokta Yellapragada Subbarow: Baƙon da ya buɗe ƙofar maganin ciwon daji

Duk macen da ta je awon ciki, a Sarkin Yamma ne ko Madarunfa ko cikin birnin Maraɗi, akan haɗa ta da 'yan ƙwayoyin ƙarin jini, waɗanda a cikinsu akwai sinadarin da likitoci ke kira folik asid. To, mutumin da ya jagoranci masanan da suka fara harhaɗa wannan sinadari a ɗakin bincike wani Ba'indiye ne da ya yi ƙaura zuwa Amurka, kuma daga wannan aiki nasa aka samo ɗaya daga cikin magungunan farko na ciwon daji. Sai dai ko a cikin likitoci, ba kowa ya taɓa jin sunansa ba.

An haifi Subbarow ne ranar 12 ga Janairun 1895 a garin Bhimavaram da ke kudancin Indiya, lokacin ƙasar na hannun Turawan Ingila. Ya tashi cikin talauci, kuma sai a karo na uku ya ci jarrabawar kammala sakandare. Daga nan ya shiga kwalejin likitanci ta Madras, inda ya amsa kiran Gandhi na ƙaurace wa tufafin Ingila, ya riƙa shiga ɗakin tiyata da rigar saƙi ta gida. Wannan ya ɓata wa malaminsa Bature rai, aka sallame shi da ƙaramar takardar shaida maimakon cikakken digiri.

A farkon shekarun 1920 ya sauka birnin Boston, ya shiga Jami'ar Harvard, yana karatu da rana, da dare kuma yana aikin leburanci a asibiti don ya ci abinci. A 1925 shi da Cyrus Fiske suka fito da hanyar auna sinadarin fosfaras a jini da tsoka, wadda har yanzu take ɗauke da sunayensu. A 1929 kuma suka gano ATP, wato sinadarin da ke ɗaukar ƙarfi a cikin ƙwayoyin halitta, a shekarar da Karl Lohmann shi ma ya gano shi a Jamus. Duk da haka jami'ar ba ta ba shi kujerar dindindin ba. Ganin haka a 1940 ya tattara ya koma kamfanin magunguna na Lederle a jihar New York, inda ya zama shugaban sashen bincike.

A can ne ya duƙufa kan folik asid, har aka yi nasarar harhaɗa shi a 1945. Abin ya daɗe yana cin ransa, domin 'yan'uwansa biyu sun mutu ne sakamakon wata cutar hanji mai ƙarar da jini.

Mai karatu zai ce, ina ruwan maganin ƙarin jini da ciwon daji? Ai ƙwayar halitta ba ta iya rabuwa gida biyu sai da folik asid, ita kuwa ƙwayar ciwon daji ba ta da aiki sai rabuwa ba ƙaƙƙautawa. Wani likita a asibitin yara na Boston, Sidney Farber, ya gwada wa yara masu sankarar jini irin wannan sinadari, sai ya ga cutar ta ƙara gudu. Nan tunani ya juya: idan abin yana ciyar da cutar, me zai hana a ba ta jabunsa? Sai masanan da ke ƙarƙashin Subbarow suka ƙera wani sinadari mai kama da folik asid, wanda ƙwayar cutar za ta karɓa amma ya toshe mata hanya, kamar makullin da ya shiga kwaɗo ya karye a ciki. Sunansa aminopterin. A watan Yunin 1948 Farber ya bayyana cewa cikin yara 16 da aka yi wa allurarsa, 10 sun sami sauƙi. Sauƙin na ɗan lokaci ne, cutar ta dawo, amma a zamanin da iyaye ke komawa gida su jira ajalin yaro cikin 'yan watanni, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Bayan wata biyu kacal, cikin Agustan 1948, Subbarow ya mutu yana da shekara 53, zuciyarsa ce ta tsaya. Tun da ya bar Indiya bai sake taka ta ba, kuma ya mutu bai zama ɗan ƙasar Amurka ba. Ya kamata a sani cewa sai a 1946 dokar ƙasar ta ba Indiyawa damar neman haka. Farber ya shahara har cibiyar binciken ciwon daji ta Boston ke ɗauke da sunansa a yau, kuma ya cancanta. Amma a ganina an tauye haƙƙin wanda ya samar da maganin, kodayake shi ma da nasa halin na tura na ƙasa da shi gaba, ya koma gefe.

Ƙanin wancan magani, methotrexate, wanda shi ma daga sashen Subbarow ya fito, shi ne ya ɗore. A 1956 Min Chiu Li da Roy Hertz suka warkar da sankarar mahaifa da ke biyo bayan ciki da shi. A farkon shekarun 1960 aka yi amfani da shi a gabashin Afirka kan ciwon nan mai kumbura muƙamuƙin yara, wanda Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958. Har yau yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, ana kuma bayar da shi ga masu ciwon gaɓoɓi mai tsanani.

Daga sashen nasa ne kuma aka samu Hetrazan na kashe tsutsar da ke kawo tundurmi da gwaiwa, da Aureomycin wanda Benjamin Duggar ya gano, kakan man idon nan na tetracycline da ake matsa wa jarirai a asibitocinmu. A 1995, da ya cika shekara 100 da haihuwa, gwamnatin Indiya ta buga kan sarki mai ɗauke da hotonsa.