Oba Ovonramwen, Sarkin Da Aka Kwashe Wa Tarihi

Jama'a, da yawanmu mazauna garin Benin mun sha ratsa titin Igun, mu ga maƙera suna zubin kawunan tagulla, mu ɗauka kayan sayar wa baƙi ne kawai. To sana'ar nan ta fi shekara 500, kuma mafi kyawun abin da kakanninsu suka zuba ya bar garin nan a zamanin sarki ɗaya, wato Oba Ovonramwen.

Ya hau gadon mahaifinsa Adolo a 1888. A lokacin Turawan Ingila sun riga sun kafu a bakin teku, idonsu na kan manja da roba da hauren giwa, shi kuwa Oba shi ke da ikon buɗe kasuwa ko rufe ta. A 1892 wani Bature mai suna Gallwey ya zo da takardar yarjejeniya, daga nan Turawa suka riƙa cewa sarki ya karya alkawari duk sa'ad da ya hana ciniki.

Kafin mu je ga yaƙi, bari mu tsaya kan kayan, don su ne zancen. Maƙerin Igun yakan fara siffata abu da yumɓu, ya lulluɓe shi da kakin zuma, ya zana duk abin da yake so a jikin kakin, sannan ya sake rufewa da yumɓu. In aka gasa, kakin ya narke ya fita, sai a zuba narkakkiyar tagulla a gurbinsa. Dole a fasa yumɓun kafin a fito da aikin, shi ya sa ba a samun biyu iri ɗaya. Tagullar kuwa, yawancinta mundaye ne da Turawan Fotugal da na bayansu suka riƙa kawowa wajen ciniki, aka narke. In sarki ya mutu, magajinsa ya sa a zuba kai don tunawa da shi, a ɗora hauren giwa mai sassaƙa a bisansa. Allunan tagulla kuma suna nuna yaƙe-yaƙe da fadawa da irin tufar kowane muƙami. Mutanen nan ba su da rubutu irin na ajaminmu, saboda haka kayan nan su ne littafin tarihinsu.

A Janairun 1897 muƙaddashin ƙaramin jakadan Ingila, James Phillips, ya taso zuwa Benin, duk da an aika masa ya dakata domin sarki na cikin wani biki da ba ya ganin baƙi. Aka tare ayarinsa a Ugbine aka kashe su, Turawa biyu kaɗai suka tsira, ga kuma masu dako da yawa da suka halaka waɗanda ba a cika tunawa da su ba. Kafin wata biyu Admiral Rawson ya iso da mutum wajen 1,200, garin ya faɗi ran 18 ga Fabrairu. A nan akwai abin da ya taɓa mu: cikin rundunar har da sojoji baƙar fata waɗanda takardun Turawa ke kira Hausa. Ba abin alfahari ba ne, amma ɓoye shi bai da amfani. Haka nan gaskiya ne ana yanka mutane don tsafi a Benin ta wancan zamani, Turawa kuma suka yi ta yayata wannan don wanke abin da suka yi. Sai dai mu ba mu ga yadda hana yanka mutane ya zama dalilin kwashe kayan fada ba.

Dubban kaya aka kwashe, wuta kuma ta cinye fadar. Hafsoshi suka raba wasu, aka sayar da wasu a Landan, gidajen tarihin Jamus suka saye da yawa.

Oba ya yi wata shida a daji, ya miƙa wuya a watan Agusta. A wajen shari'a ba a tabbatar shi ya ba da umarnin kashe Phillips ba, hakimansa laifin ya hau. Duk da haka aka kai shi Kalaba da matansa biyu, can ya rasu a Janairun 1914. Ɗansa ya hau sarauta da sunan Eweka na Biyu.

Dawowar kayan ta yi tafiyar hawainiya. A 1938 an maido wa jikansa Akenzua na Biyu wasu kayan murjaninsa. Dattawanmu za su tuna fuskar nan ta hauren giwa da aka yi tambarin FESTAC da ita a 1977. Ta Idia ce, mahaifiyar Oba Esigie, kuma gidan tarihin Birtaniya ya ƙi ba da ko aronta, sai sabuwa aka sassaƙa. A 2021 wata kwaleji a Kambirij ta saki zakaran tagulla, Jami'ar Abadin ta saki kan wani Oba, aka miƙa su ga Oba Ewuare na Biyu a 2022. A shekarar ce Jamus ta sa hannu kan mallaka wa Nijeriya fiye da guda 1,000, Holan kuma ta dawo da 119 a 2025. Fuskar Idia dai tana Landan.