George Da Costa: Mai ɗaukar hoton Ikko da ya bi layin dogo zuwa Arewa

George S. A. Da Costa, wanda aka haifa a Legas a shekarar 1853, ya kuma rasu a 1929, yana cikin 'yan ƙasar nan na farko da suka mayar da ɗaukar hoto sana'ar da ake riƙe gida da ita. Ya shahara ta fuskoki biyu. Ta fuska ɗaya, shi ne mai ɗaukar hoton manyan Legas, attajirai da ma'aikata da iyalansu. Ta ɗaya fuskar kuma, gwamnatin mulkin mallaka ta sa shi ɗaukar hotunan ayyukanta, ciki har da aikin shimfiɗa layin dogo daga Legas zuwa Jebba har ya dangana da Kaduna. Wannan layi shi ne ya ratsa Agege, ya kuma taimaka wajen mayar da ita matattarar fataken goro da Hausawa suka yi wa tsinke.

Asalinsa da garin da ya tashi

Da Costa ya fito ne daga zuriyar mutanen da ake kira Amaro ko Aguda, wato 'yan Afirka da aka kai ƙasar Birazil a zamanin cinikin bayi, sannan su ko 'ya'yansu suka sami hanyar komowa gida. Shi ya sa sunansa ya zo da lafazin harshen Fotugal. Tarihin waɗannan mutane ya shafi Hausawa kai tsaye, domin a jihar Bahiya ta Birazil akwai bayi Musulmi, Hausawa da Yarbawa, waɗanda suka sha yin bore, mafi shahara shi ne na shekarar 1835. Bayan murƙushe wannan bore ne komowar mutane zuwa gaɓar tekun Afirka ta Yamma ta ƙaru, ta kuma ci gaba har bayan da Birazil ta haramta bauta a 1888.

A tsibirin Legas Aguda sun kafa unguwarsu, Popo Aguda, suka yi suna wajen sana'ar hannu: gini, kafinta, ɗinki da zanen gidaje. Masallacin Shitta-Bey da aka buɗe a 1894 yana cikin gine-ginen da ke ɗauke da salon da suka zo da shi. Da Costa ya tashi cikin al'ummar da ke girmama mai aikin hannu, take kuma auna mutum da kyan abin da ya ƙera.

Yana ɗan shekara takwas, a 1861, Turawan Ingila suka karɓe Legas. Bayan shekara biyu John Glover ya kafa wata 'yar rundunar Hausawa, wadda daga gare ta ne ake danganta asalin sojan Nijeriya. Ke nan tun yarintarsa Ikko gari ne da ake jin Yarbanci da Ingilishi da harshen Fotugal da Hausa a kan titi ɗaya.

Daga kantin littattafai zuwa kyamara

Daga 1877 zuwa 1894 Da Costa ya riƙe kantin sayar da littattafai na mishan ɗin CMS a Legas. Shekara goma sha bakwai a irin wannan wuri makaranta ce mai zaman kanta. Mai riƙe kanti yakan koyi lissafi, da odar kaya daga Ingila, da jiran jirgin ruwa, da sanin halin mai saye. Yakan kuma san malamai da akawuna da 'yan kasuwar gari, waɗanda su ne ke da sha'awar hoto da kuɗin biyansa.

A 1895, yana da shekara 42, ya buɗe ɗakin ɗaukar hoto nasa na kansa, bayan ya kashe fam 30 wajen koyon aikin a hannun masana. A wancan zamani fam 30 kuɗi ne masu kauri. Abin lura shi ne ya sa kuɗin a neman ilimin sana'ar kafin ya fara karɓar kuɗin mutane, kuma shekarunsa ba su hana shi komawa ɗalibi ba. Matashin da ya sayi kyamara mai tsada yau, ya buɗe shago gobe ba tare da ya zauna ƙarƙashin wani ya koya ba, yana da darasi a nan.

Yadda aikin yake a zamaninsa

An bayyana fasahar ɗaukar hoto ga duniya a Faransa a 1839. Lokacin da Da Costa ya shiga sana'ar, ƙwararru na aiki ne da faifan gilashi da aka shafa wa sinadarin da ke kama haske, wanda ake sayowa a bushe daga Turai. Kyamarar kanta akwati ce ta katako a kan ƙafafu uku. Mai ɗauka yakan lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle, ya ga siffar mutum a kife a jikin gilashi, ya daidaita ta, sannan ya zura faifan. Kowane faifai hoto ɗaya yake ɗauka. In ya lalace, asara ce ta kayan da suka yi makonni a kan teku.

Wannan tsada ta tilasta wa masu sana'ar natsuwa. Kafin a buɗe idon kyamara, sai an gama shawarar komai: inda mutum zai zauna, inda zai ɗora hannu, yadda rigarsa za ta kwanta, da inda haske zai sauka a fuskarsa. Dole kuma mutum ya tsaya cik na ɗan lokaci, domin motsi kaɗan yana dusashe hoton. Wannan na cikin dalilan da suka sa ba a cika ganin murmushi a tsofaffin hotuna ba.

Hasken rana aka fi dogara da shi, mai shigowa ta taga ko ta rufin gilashi, ana rage kaifinsa da labule. A nan akwai wata matsala da kowane mai ɗaukar hoto a Afirka ya sani har yau: baƙar fata cikin farin kaya. In aka bi hasken riga, fuska ta yi duhu har kamannin su ɓace. In aka bi fuska, rigar ta zama fara fat, aikin wuyan da ɗinkin duk su tafi. Maganinta shi ne haske mai laushi, na inuwa ko na hantsi da la'asar, tare da shimfiɗa farin ƙyalle a ɗaya gefen domin ya mayar da haske ga sashen fuskar da ya yi duhu. Wanda zai ɗauki dattijo cikin babbar riga da rawani ranar Sallah, ko da da wayar hannu ce, wannan ƙa'ida ba ta canja ba. Ranar tsaka tana sa mutum ya runtse ido, ta kuma zuba inuwar hula a kan idanunsa.

Bayan ɗauka sai wankin hoto a ɗaki mai duhu, inda zafi da danshin Legas ke iya narkar da sinadarin da ke jikin faifan. Daga nan a gyara 'yan tabo da fensir a jikin gilashin, a ɗora shi kan takarda mai kama haske, a manna hoton da ya fito a kwali mai ɗauke da sunan mai shago. Kamfanin Kodak ya fitar da kyamarar hannu a 1888, da kuma mai rahusa da ake kira Brownie a 1900, amma hakan bai kashe kasuwar ƙwararru ba. Wanda ke son hoton da za a rataye a falo, jikoki su gani, wurin gwani yake zuwa.

Bin layin dogo

An fara shimfiɗa layin dogo daga Legas a 1896, ya isa Ibadan a 1901, ya kai Jebba a bakin kogin Kwara a 1909. Wani layin da ya taso daga Baro ya shiga Kano a 1911, kuma a 1912 aka haɗa su, har mutum ya iya tashi daga Ikko ya sauka Kano, duk da cewa a farko sai an ƙetare kogin da jirgin fito kafin a kammala gadar Jebba. Da Costa na cikin waɗanda suka ɗauki hotunan wannan aiki. Ɗaukar akwatunan gilashi masu nauyi da saurin fashewa zuwa inda ake saran daji da haƙar ƙasa aiki ne da ke buƙatar haƙuri da tsari.

Hanyar da ya ɗauki hotonta ita ce ta sauya cinikin Hausawa. A da, ayarin fatake kan yi watanni zuwa Gwanja neman goro. Da jirgi ya zo, gonakin goro suka bunƙasa a ƙasar Yarbawa, Agege da ke da tasha a kan layin ta zama wurin da ake haɗa huhun goro ana lodi zuwa Arewa, shanu kuma suna gangarowa Kudu. Haka zangon Hausawa ya kafu a can, da sarkinsa da malamansa da masu masauki. A Kano kuwa jirgin ne ya buɗe kasuwar gyaɗa, wadda irin su Alhassan Ɗantata suka shahara a cikinta. Hotunan layin dogo na wancan lokaci, ko da yake gwamnati ce ta sa a ɗauka don nuna ayyukanta, sun zama shaidar farkon wannan sauyi.

Littafin Macmillan

A 1920 aka buga wani babban littafi a Landan mai suna The Red Book of West Africa, wanda Allister Macmillan ya tsara a kan kasuwanci da manyan mutanen ƙasashen Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Ingila. Da Costa ya yi wa littafin aiki, inda ya ɗauki hotunan mutane 52 a ɗakin hotonsa. Macmillan ya bayyana shi a matsayin wanda ya fi kowane mai sana'ar hoto a Nijeriya ƙwarewa da shahara. A lokacin shagonsa yana lamba 18, titin Ricca, a tsibirin Legas, shi kuma yana da shekara 67.

Muhimmancin waɗannan hotuna ya wuce yabon da aka yi masa. A zamanin, katunan wasiƙa da ake sayar wa Turawa sun fi nuna ɗan Afirka a matsayin abin kallo marar suna, an rubuta ƙabilarsa kawai a ƙasan hoton. Hoton da mutum ya je shago ya biya da kuɗinsa daban yake, domin shi ya zaɓi tufafinsa da zamansa, kuma sunansa na tare da siffarsa. Aikin mai ɗaukar hoton fuska ke nan tun asali: ya nuna mutum yadda mutumin zai yarda a tuna da shi. Shi ya sa gwani kan ɗan yi hira da wanda ya zo har jikinsa ya saki, ya ajiye kyamara daidai tsayin idonsa, ya tabbata idanun sun fito sarai. Shi ya sa kuma neman izini ya zama wajibi, musamman ga mata da malamai da duk wanda ke da takatsantsan game da hoto, haka nan kafin a liƙa hoton wani a bakin shago ko a sa shi a intanet don talla.

Tsararrakinsa da waɗanda suka biyo baya

Da Costa bai kasance shi kaɗai a fagen ba. Akwai Neils Walwin Holm, haifaffen ƙasar da ake kira Gana a yau, wanda ya yi sana'ar a Legas, ya shiga ƙungiyar masu ɗaukar hoto ta masarautar Ingila, daga baya ya koma aikin lauya. Akwai Jonathan Adagogo Green na Bonny, wanda ya rayu daga 1873 zuwa 1905, shi ne ya ɗauki sanannen hoton Oba Ovonramwen na Benin a 1897, lokacin da Turawa ke kai shi gudun hijira Kalaba. Green yakan buga J. A. Green kawai a bayan hotunansa, abin da ya sa aka daɗe ana zaton Bature ne. Labarinsa ya nuna yadda aikin ɗan ƙasa ke iya komawa hannun wasu a idon tarihi in ba a rubuta suna da wuri da kwanan wata yadda ya kamata ba.

Bayansu aka sami Solomon Osagie Alonge, mai ɗaukar hoton fadar Benin, wanda faifansa na gilashi da hotunansa ke ajiye a gidan tarihin Smithsonian da ke Amurka. Aka kuma sami J. D. 'Okhai Ojeikere, wanda tun daga 1968 ya tara hotunan salon kitson matan Nijeriya kusan dubu. Abin da ya ɗaukaka waɗannan biyu a idon duniya shi ne ajiya: sun adana asalin hotunansu cikin tsari.

A nan ne masu shagunan hoto na Agege da Idi-Araba da Mile 12 ya kamata su duba kansu. Shekara da shekaru suna ɗaukar hotunan fasfo na maniyyata, da na angwaye da amare, da na saukar Alƙur'ani, da na naɗin sarauta, da na 'yan ci-rani da ke aika wa iyayensu a gida shaidar suna lafiya. Waɗannan hotuna su ne tarihin zaman Hausawa a Legas. Da yawansu suna cikin kwalaye inda danshi da gara ke cinye su, na zamani kuma suna ɓacewa ranar da waya ko kwamfuta ta lalace. Ajiye kwafi a wuri biyu, da rubuta sunan mai hoton da shekarar da aka ɗauka, ba ya cin kuɗi mai yawa.

Da Costa ya rasu a 1929 yana da kimanin shekara 76, bayan ya shafe fiye da shekara talatin da buɗe shagonsa. Masu binciken tarihin Legas da na layin dogon Nijeriya suna ci gaba da komawa ga hotunansa, kuma ta hanyarsu ne ake sanin fuskokin mutane da dama da suka riƙe kasuwancin birnin shekara ɗari da suka wuce.