Hermann Muller: Masanin da ya ga dabbare-dabbare a idon ƙuda

Ƙananan ƙudajen nan da ke yanyame ruɓaɓɓen mangwaro a kasuwar Aguié ko Gazaoua, irinsu ne Hermann Joseph Muller ya shafe rayuwarsa yana leƙawa da madubin ƙara girma.

An haife shi a birnin New York na Amurka ranar 21 ga Disamban 1890. Ya yi karatu a Jami'ar Columbia, inda ya shiga ɗakin binciken Thomas Hunt Morgan, wanda ke kiwon ƙudajen a kwalaben madara don gano yadda ake gadon kamanni.

A 1927, yana koyarwa a Jami'ar Texas, ya nuna cewa hasken X-ray, wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, yana sauya ƙwayoyin gado. Wannan ne ya ba shi kyautar Nobel a 1946.

Sai dai abin da ya bayyana a 1930 ya fi ɗaure kai. Idon wannan ƙuda ja ne, idan kuma ƙwayar gadon launin ta lalace sai ya fito fari. Muller ya samu waɗanda idonsu ya yi dabbare-dabbare, ja a nan, fari a can. Ƙwayar gadon lafiyarta ƙalau. Hasken ya tsinke zaren da ke ɗauke da ita, wato kuromosom, guntun ya juye ya sake haɗewa, sai ta koma kusa da wani sashe da ke naɗe tamau. A wasu ƙwayoyin idon, naɗin kan bazu ya rufe ta, ta yi shiru. A wasu kuma ta ci gaba da aiki. Ƙwayar da aka rufe wa baki, 'ya'yanta ma haka suke tashi, shi ya sa farin ke fitowa fili-fili.

Wannan ƙuda mai rodi-rodin ido daga baya ya taimaka wa masana wajen gano sinadaran da ke kulle ƙwayoyin gado, ilimin da masu binciken cutar daji ke amfani da shi yau.

Shi kansa Muller bai samu zama wuri guda ba. Ra'ayinsa na gurguzu ya jawo masa matsala a Texas, ya tafi Berlin a 1932, sannan Tarayyar Sobiyet a 1933 bisa gayyatar Nikolai Vavilov. Can ma ya yi karo da Trofim Lysenko, wanda ya ƙaryata ilimin gado da goyon bayan Stalin. Muller ya sulale a 1937. Vavilov kuwa ya mutu a kurkuku a 1943.

Bayan Edinburgh da Amherst, ya samu kujera a Jami'ar Indiana a 1945. Ya shafe sauran shekarunsa yana gargaɗi kan illar gwajin makaman nukiliya da yawan haska mutane a asibiti babu dalili. Ya rasu a Indianapolis ranar 5 ga Afrilun 1967.