Richard Altmann, mutumin da aka ƙi yarda da shi

Duk wanda ya taɓa zana mitokondiriya a jarrabawa ya kamata ya san Richard Altmann. Bajamushe ne, an haife shi a 1852, ya koyar a jami'ar Leipzig. A 1890 ya ce 'yan ɗigon da yake gani cikin ƙwayar halitta rayayyu ne masu zaman kansu. Masana suka yi masa ca, har ya mutu a 1900 ba su yarda ba. Ashe dai ya kusa gaskiya, don asalinsu bakteriya ne. Sai dai zaman kan ya ƙare tuni: yawancin furotin ɗinsu daga waje yake shigowa, da adireshi manne a goshi, yana isowa wani enzayim ya datse adireshin.